Mutumin da ke Murfin Akwatin Kaka

Har yau in na shiga kasuwar Azare na bi ta layin masu kayan ƙamshi, warin kafur ya daki hancina, sai in ga kaina tsugune a ɗakin Kaka ina jiran ta buɗe akwatinta. Akwatin ƙarfe ne, kore, fentinsa duk ya kwaile a kusurwa, makullinsa kuma yana ƙulle a bakin zaninta tare da ɓarin goro. Ba kullum take buɗe shi ba. Sai ranar Juma'a da hantsi in za ta ɗauko mayafinta mai kyau, ko in an yi haihuwa a dangi tana neman turmin atamfar da za ta kai barka. Mu jikoki muna jin ƙarar murfin za mu sheƙo a guje, don can ƙarƙashin zannuwa akwai gwangwanin da take ɓoye dabino.

A cikin murfin akwatin akwai hoton wani mutum da aka manna da ƙaro. Hoton baƙi da fari ne, ya yi jaja-jaja don tsufa. Mutumin yana sanye da babbar riga da hula zanna, ya ɗan karkata kai yana kallon gefe. Kaka tana ɗaga murfin za ta sa bakin zani ta goge shi, ta ce, "Allah ya jiƙanka, Allah ya sa ka huta." Sannan ta shiga neman abin da ya kawo ta.

Labarin mutumin nan kowa a gidanmu ya haddace shi, don duk shekara sai mun ji. In gero ya nuna, aka kawo damin farko daga gonar Baba, Kaka za ta sa a sussuke a surfe, ta zauna da kanta ta daka gumba da citta da kanumfari da sukari, ta dunƙula cike da ƙwarya, a raba wa yaran unguwa da maƙwabta. Sadakar mai mota ke nan, haka muke kiranta. Tana dunƙulawa tana ba da labarin, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba.

Wai tana da ƙuruciya, a rugarsu kusa da Sakwa, shekarar da ake ta maganar Turawa za su tafi, zazzaɓi ya kama wani yaro a ƙarshen damina har yana shiɗewa. An yi jiƙe-jiƙe, an yi tofi, abu sai gaba yake yi. Maza duk suna fadama da shanu. Sai ta goya yaron, ba ta gaya wa kowa ba, ta kama hanyar Azare a ƙafa don ta ji ana cewa akwai likita a can. Duk wanda ya san nisan Sakwa da Azare ya san ba da hankalinta ta kama hanyar ba. Rana ta take, yaron ya daina ko motsi, sai ga wata baƙar mota daga wajen Katagum. Ta wuce ta, ta tsaya, ta dawo da baya. Wani babban mutum ya fito daga gidan baya ya ce ta shiga, shi kuma ya koma gaba kusa da direba. Har ƙofar asibiti suka kai ta, ya yi wa likita magana da Turanci, aka karɓi yaron nan take. Direban ne ya raɗa mata cewa Minista ne, rangadi ya fito. Yaron ya tashi.

"Wani yaro" take cewa, kullum. Na kai aji uku ban san Babana ba ne yaron, sai da Mama ta gaya mini tana dariya. Baba ɗan farin Kaka ne, ita kuwa kunyar ɗan fari ta riƙe ta irin ta mutanen da, har da ƙarin ta Fulani a kai. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In ya shigo gaishe ta da safe, bango take amsa wa. In tana son a gaya masa abu sai ta dube ni ta ce, "Ce wa wancan rufin ɗakina yana yoyo," alhali ga shi tsugune a gabanta.

Hoton kuwa sai bayan shekaru ta same shi, lokacin da farar hula suka dawo mulki karo na biyu. Ta ga mai tallar hotunan 'yan siyasa a kasuwa, ta tsaya ta ba shi labarinta, shi kuma ya zaro wannan ya ce ai shi ne, babu wani. Tun kafin nan ta ji cewa ranar da sojoji suka fara fitowa an kashe manya, ta yanke wa kanta cewa nata yana ciki. Shi ya sa addu'ar mamaci take yi masa.

Kaka ba ta san shekaru da lamba ba, amma tana da nata tarihin shugabannin ƙasar nan. Gida biyu ta raba su, masu riga da masu kaki. Akwai wanda a zamaninsa aka yi yaƙi, samarin Sakwa suka tafi wasu ba su dawo ba. A zamaninsa ne kuma aka daina fam aka koma naira. Akwai wanda aka yi farin da ya gama musu da shanu, da wanda ake bin layin madara da sabulu. Kowa da abin da ta rataya masa. Nata mutumin shi ne ma'auni. Duk wanda rediyo ta ce ya hau, tambayarta ɗaya ce: "Wannan in ya ga mace a hanya zai tsaya?"

Shekarar da aka yi zaɓe na biyu bayan sojoji sun koma bariki na shiga aji shida. Malaminmu na darasin zamantakewa ya kawo wata babbar kalanda ya rataye a allo, cike da fuskokin shugabanni da fitattun 'yan siyasa tun daga samun 'yancin kai. Sai mun haddace kowa: garin da aka haife shi, makarantar da ya yi, muƙamin da ya riƙe, da yadda ya sauka, in da ƙafarsa ya sauka. Wanda ya cakuɗa biyu, tafin hannunsa ya gaya masa. Ni hadda ba ta ba ni wahala, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Aibina ɗaya, wanda har yau ban gama rabuwa da shi ba, bakina ba ya ajiya.

Wata Juma'a Kaka ta buɗe akwati, na zura kai ina neman gwangwanin dabino, sai idona ya faɗa kan ɗan siririn rubutun da ke ƙasan hoton. Na gan shi sau ba adadi, ban taɓa damuwa in karanta ba. Ran nan na karanta. Na san sunan, yana layi na uku a kalandar Malam, sai dai a can ya fi ƙiba kuma ya yi furfura.

"Kaka, ai wannan ba shi ba ne."

"Ke 'yar boko, matsa ki ba ni wuri."

"Wallahi ba shi ba ne. Wannan lokacin da Turawa za su tafi ɗan makaranta ne, sai can baya ya yi minista. Kuma bai mutu ba, shekaranjiya ma ya yi magana a rediyon Baba."

Ban tsaya nan ba. Na miƙe na zuba mata tarihinsa tun daga haihuwa, hannu a baya, yadda nake yi a gaban aji. Jira nake ta ce Allah ya yi mini albarka. Sai ta ce in sake karanta sunan, na sake. Ta ce in kira Mama. Mama ta zo ta sunkuya ta karanta, sannan ta yi mini wani kallo da ya sa na san na yi ɓarna. Kaka ta sauke murfin a hankali, ta sa makulli. Ranar da tsohon mayafinta ta wuni.

Juma'a biyu suka wuce ba mu ji ƙarar akwati ba. Aka kawo damin farko aka jingine a tsakar gida, ba ta ce a sussuke ba, kaji suka yi ta tsattsagarsa. Yaran unguwa suka fara leƙowa suna tambayar gumba, ta ce musu bana babu. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. In na kai mata fura sai ta karɓa ta ce sannu, ba tsokana, ba "'yar boko". Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na tsorata, don ina ganin tsohuwar tana ramewa a idona.

Mama ta gwada lallashinta. Ta ce, "Inna, ai Allah ya san wanda kike nufi. Addu'a ba ta ɓata hanya don hoto."

Kaka ta ce, "Na san ya sani. Ni ce ban sani ba. Mutum ya yi mini abin da ya yi, in koma ga Allah ko sunansa ban riƙe ba? Shekara ashirin da wani abu ina goge fuskar bare."

Baba yana jin duk abin da ake ciki, bai ce komai ba sai wata safiya da ya shigo gaisuwa. Ya tsuguna inda ya saba, ya dube ni ya ce, "Ce wa Inna ranar Asabar za mu Katagum." Ashe ya yi ta tambaya a wurin aiki, aka kwatanta masa wani tsohon Alhaji da ya yi magatakardan jam'iyya a zamanin farko. Shi ke shirya tarbar manya in sun zo rangadi ƙasar Katagum, kuma an ce kansa bai zubar da komai ba. Aka ce da ni za a je, don in babu ni babu mai kai magana tsakanin uwa da ɗanta.

Da hantsi muka shiga motar haya. Lokacin kaka ne, gonaki duk an yanke gero an tara, shanu suna bin karan da ya rage. Da muka doshi Sakwa na ga Kaka ta dafa kujerar gabanta tana kallon bakin hanya. Na ce ko nan ne wurin? Ta ce, "Kin fiye surutu." Na ji daɗin wannan faɗan, shi ne na farko cikin mako uku.

Mun sami Alhaji a zaure kan buzu, rediyo a gefensa, idanunsa sun yi fari amma kunnensa garau. Suka gaisa da Kaka da Fulatanci, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen da suka daɗe a ƙasa. Baba ya ba da labarin a taƙaice. Alhaji ya murza carbinsa, ya yi gyaran murya.

"Baiwar Allah, a ƙarshen daminar nan manya uku suka zo mana, kowa da baƙar motarsa, kowa ta hanyar nan ya koma."

Ya lissafa su da sunayensu, na ga duk na san su daga kalanda, amma ba yadda shi ya san su ba. Na farko malamin makaranta ne kafin siyasa, in ya hau dandamali sai ka ce aji yake koyarwa, ba ya barin wuri sai ya tabbatar na baya ya gane. Shi ne ya tafi ranar da sojoji suka fara fitowa. Na biyu akawun En'e ne, mai son shayi, mai saurin fushi da saurin hucewa. Sojoji suka tsare shi, da ya fito ya koma gonarsa, aka yi aka yi ya dawo siyasa ya ƙi, ya rasu ya bar gidan ƙasa da tarin littattafai. Na uku ya yi tsawon rai. Masu riga sun yi da shi, masu kaki sun yi da shi, ya canja jam'iyya har mutanensa suka gaji da canja tuta, an yabe shi an zage shi, bai daɗe da rasuwa ba.

Baba ya ce, "To Alhaji, a cikinsu wa zai tsaya ya ɗauki mace a hanya?"

Alhaji ya yi 'yar dariya. "Ranar da zuciya take fari, dukansu. Ranar da ake sauri, ban rantse wa ko ɗaya ba." Ya juya wajen da yake jin numfashin Kaka. "Ke za ki raba mana. Faɗa mini kamarsa. Dogo ne ko gajere?"

Kaka ta sunkuyar da kai.

"Fari ne ko baƙi? Yana da tsage? Na biyun yana da wushirya, in ya yi magana ba za ki manta ba."

Na taɓa gwiwarta, na ɗauka ba ta ji ba ne. Can ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba, "Ban kalle shi ba."

Ta gyara mayafinta, ta ci gaba.

"Ina ni ina ɗaga ido in kalli babban mutum, ina matar aure, ga shi na fito ba da izini ba? Ƙafarsa na gani da ya sauko. Takalmin fata ja, farcen babban yatsansa na dama ya tsage. Da na shiga motar kuwa na kwance yaron na sa kunnena a ƙirjinsa. Ban ɗaga ba har Azare. Tsoro nake in na ɗaga zai tsaya."

Sau nawa na ji labarin mai mota, ban taɓa jin wannan ba. Na saci kallon Baba. Mutum ne da ya haura arba'in, da furfura a gemu, ya kafa ido a ƙasan zaure.

Alhaji ya girgiza kai. Ya ce, "Na zauna da su, na ci tuwo da su, amma ban taɓa duban ƙafar ɗayansu ba. Mu fuska muke kallo, mu ga ko an yi mana murmushi. Mai gane miki shi ta ƙafa sai wanda ya wanke shi ranar da ya rasu." Ya ɗaga hannu ya yi wa su ukun addu'a ɗaya bayan ɗaya, muka shafa, muka yi masa sallama.

A hanyar dawowa babu wanda ya ba ni saƙo in kai wa wani. Na tabbatar a raina cewa sadakar mai mota ta ƙare, kuma ni na kashe ta.

Ranar Litinin na dawo daga makaranta, tun daga ƙofar gida na ji ƙamshin citta da sabon gero. Kaka tana zaune a gindin turmi, ƙwarya uku a gabanta maimakon ɗaya. Ta ce in ajiye jaka in wanke hannu. Muna dunƙulawa tana kiran sunayen nan uku da ta ji a bakin Alhaji, ba ta cakuɗa ko ɗaya ba, kowa da ƙwaryarsa. Na yi ƙarfin hali na ce, to na cikin akwati fa, a ɓamɓare shi?

"Bar shi. Ya saba da ni. Sai dai in canja masa addu'a, Allah ya ƙara masa lafiya, tun da kin ce ya ƙi mutuwa."

Yara suka cika gidan, aka raba, aka aika wa maƙwabta. Bayan la'asar Baba ya shigo da kekensa. A duk shekarun nan Kaka ba ta taɓa ware masa gumbar ba, Mama ce ke ɓoye masa ɗaya a ƙarƙashin faifai. Na ga ta ɗauki dunƙule guda daga gefen cinyarta, na miƙa hannu don na san aikina. Ba ta ba ni ba. Ta dafa turmi ta miƙe, ta ratsa tsakar gida da kanta, ta tsaya a gabansa, fuskarta tana wajen katanga, ta miƙa masa.

"Ungo."

Baba ya jingine keken ya durƙusa, ya tara hannu biyu.

"Su ukun ban san wanne ba ne," in ji ta. "Kai dai na san kai ne."

Ta juya ta koma gindin turminta, ta hau yi mini faɗa wai na bar kaji sun shiga dusa. Baba ya daɗe a durƙushe da gumbar a hannu, sannan ya shige ɗaki. Mama ta tsaya a bakin madafa tana share ido da bayan hannu. Wannan ce magana ta farko da na ji Kaka ta yi masa kai tsaye, kuma ban sake jin wata ba har ta rasu bayan shekara huɗu, ba ta san sunan mai motarta ba.

Yanzu ni ke koyar da darasin nan a wata firamare a Azare. Ɗalibaina ba mai tallar hoton da zai ruɗe su. In ka ambaci shugaba, kafin ka rufe baki wani ya samo maka shi a wayar yayansa, da ranar haihuwa da ranar sauka. Sun fi ni sani a shekarunsu, kuma ina murna da hakan, ko da yake nakan ja kunnen masu irin bakina su riƙa duba wanda suke gaya wa kafin su zuba. Uwaye ma sun daina kunyar ɗan fari, ni kaina nawa ina kiran sunansa har maƙwabta su ji.

Baba ya tsufa, shi ke sa a daka gumbar duk kaka, ƙwarya uku. Bara ya kira ni ya ce tun da yanzu komai yana cikin waya, in duba masa mutanen nan ko za a dace. Na zauna kusa da shi a zaure muka bi hotunansu ɗaya bayan ɗaya, na majalisa, na rangadi, na ranar rantsuwa, yana matso da wayar kusa da idonsa yana cewa in ja ƙasa mu ga ƙafa. Na ja har iyaka. Duk hotunan a ƙirji suke tsayawa.